Kunnen kare yana da kwana: shaidar mai duba dabbobi a Maradi

Aikina duba lafiyar dabbobi ne a nan Maradi. Mafi yawan abin da ke zuwa hannunmu shanu ne da tumaki da awaki, sai kaji. Kare kuwa ba a cika kawo shi ba sai abin ya ci tura. In kuma aka kawo shi a kan kunne, maganar kusan ɗaya ce a bakin kowa, mafarauci ne daga wajen Baban Rafi ko mai gadin shago a Sabon Gari: "Likita, kunnensa ƙara yake yi." Wani ya ce kamar ruwa a gora, wani ya ce fat-fat duk dare har ya hana mutan gida barci, wani ya ce ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Shaidar da zan bayar ita ce, cikin karnukan da na ga sun kurumce, da yawa ciwon da ya kama su bai isa ya kashe musu kunne ba. Abin da aka ɗura musu kafin a kawo su shi ya ƙarasa aikin.

Dalili yana cikin yadda aka halicci kunnen. Ramin kunnen mutum gajere ne, wajen santimita biyu da rabi, kusan a miƙe. Na kare ya kai santimita 5 zuwa 10 gwargwadon girman karen, kuma yana da kwana: daga baki ya gangara ƙasa, sannan ya karya ya nufi cikin kai a kwance har ya tarar da dodon kunne, kamar harafin L. Duk abin da ya faɗa ciki, ruwa ko ƙaya ko mai, a wannan kwanar yake zama, ga ɗumi ga duhu ga rashin iska. Mai kare ya haska fitilar salula ya ce bai ga komai ba, gaskiyarsa, don gangaren farko kaɗai yake gani. Dodon kunne wata siririyar fata ce da ba ta kai kaurin takarda ba. Bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska da ƙananan ƙasusuwa uku masu kai sauti ciki, sannan can ƙurya wurin da ake ji da wurin da ke riƙe wa dabba daidaiton tsayuwa. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta nan take ratsawa. Muddin dodon nan yana nan lafiya, ciwo a waje yake, kuma yana da sauƙi. Ranar da ya huje, duk abin da aka zuba ciki zai wuce.

Ƙarar da aka fi kawo mana ita ce caɓal-caɓal. Kowa zai iya gwadawa: a sa babban yatsa da manuniya a gindin kunne, ƙasa da baki, bayan muƙamuƙi, za a ji wani bututu na guringuntsi, a murza shi a hankali. Kunne mai lafiya shiru yake, kuma karen har lumshe ido yake yi. In aka ji caɓal, akwai ruwa a ciki. In jiya aka yi masa wanka, ko ya faɗa tafkin Madarumfa, ko ya bi yara Gulbi da damina, a ba shi kwana ɗaya, zai kaɗe abinsa. In bai taɓa ruwa ba, ko ƙarar ta wuce kwana biyu, to mugunya ce ko dauɗa mai yawa, sai a koma ga hanci da ido.

Ni hanci nake fara sawa. Kunnen da ke tsami kamar ƙullun da ya kwana, dauɗarsa ruwan ƙasa mai maiƙo, karen yana ta susa amma yana bari a taɓa, galibi wata ƙwaya ce dangin yis da muke kira malaseziya. Dama tana zaune a kunnen kowane kare kaɗan-kaɗan, laima da maiƙo ke sa ta yi yawa, shi ya sa watan Agusta ne kakarta, shi ya sa kuma ɗura man gyaɗa ko man shanu ciyar da ita ne. Wanda ke ɗoyi, mugunyarsa rawaya ko mai kore-kore, cikinsa ja zur har da gyambo, karen yana ihu in an kusanci kansa, wannan bakteriya ce. Mafi sharrinsu ita ce sudomonas, ba ta jin magungunan da aka saba, kuma tana cin dodon kunne. Na ukun shi ne busasshiyar dauɗa baƙa mai marmashi, kamar garin gawayi da aka yayyafa wa ruwa ya bushe. Ita ke ba da ƙas-ƙas ɗin nan in kare yana susa ko an murza kunnen.

Wannan baƙar dauɗa aikin wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari ne dangin kaska, ko rabin milimita ba su kai ba. A lakato dauɗar da auduga a shafa a baƙin ƙyalle, a kai rana, mai kaifin ido zai ga fararen ɗigo suna motsi. Wasu sukan ce motsin ƙwarin suke ji, a'a, kunnen mutum ba ya jin tafiyarsu, ɓawon dauɗar ne ke ƙara. Sun fi kama ƴan kwikwiyo, kuma sau da yawa daga kyanwar gida suke tasowa, ita tana ɗauke da su ba ta damu ba. Daga ƙwai zuwa babba mako uku suke yi, kuma magani ba ya kashe ƙwan. Nan ake faɗuwa: a yi magani sau ɗaya, kare ya sami sauƙi, bayan sati biyu ƙwai sun ƙyanƙyashe, a ce magani jabu ne. Dole magani ya rufe mako uku zuwa huɗu, kuma a haɗa da duk kare da kyanwar da ke gidan, a wanke buhu ko tsumman da suke kwanciya a kai a shanya a rana.

Maganin waɗannan ƙwari da ya fi samuwa a wurinmu shi ne allurar ibamektin ta shanu, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wato miligiram 10 a kowace mililita. Ana ba kare miligiram 0.2 zuwa 0.3 a kan kowane kilo na nauyinsa, a ƙarƙashin fata, a maimaita bayan kwana 14. Karen gida mai kilo 15 ke nan abin da zai samu bai kai rabin mililita ba, tsakanin 0.3 da 0.45. Ku dubi ƙanƙantar wannan, sannan ku tuna sirinjin da ake yi wa sa allura da shi, a zuƙo mililita biyu ko uku da ido a ce ai kare ne. Bayan wasu awoyi sai a ga baƙin idonsa ya buɗe, yana tangaɗi, yana dalalar da yawu, yana karo da bango, wani ya suma bai farfaɗo ba. A auna kare a sikeli, a nemi ƙaramin sirinji na mililita ɗaya, kuma a bar wa ma'aikaci ya yi. Ba a yi wa ɗan kwikwiyon da bai wuce mako shida ba, kuma akwai wasu karnukan Turai masu dogon gashi, irin na kiwon tumaki a Ingila, da ko daidai ƙima aka ba su tana iya kashe su. Wanda ya sami ƙwayoyin taunawa irin su NexGard ko Bravecto ya huta, suna kashe waɗannan ƙwari da kaska da ƙuma gaba ɗaya, na farko wata guda, na biyu mako 12.

Abin da littattafan waje ba su san shi kamar yadda muka san shi ba shi ne ƙarangiya. Daga ƙarshen damina ta bushe har cikin rani, daidai lokacin farauta, kare ya kutsa ciyawa da gudu, ƙwara ɗaya ta faɗa kunne. Ƙayoyinta suna da ƙugiya, gaba suke yi ba sa baya, duk kaɗa kan da kare ya yi ƙara tura ta yake. Alamarta a fili take: lafiya lau ya fita, ya dawo yana kaɗa kai kamar zai cire shi, kunne ɗaya tak, kai a karkace, babu wari babu mugunya a kwanakin farko.

Wani dattijo mafarauci ya taɓa kawo wata karya ja, siririya mai dogayen ƙafafu, a cikin amalanke, an shimfiɗa mata buhu. Kanta a karkace dama, gashin wuyanta ya daskare da mai, tun daga ƙofa ake jin warin kananzir. Na ce, "Baba, kwana nawa?" Ya ce, "Yau tara, ɗana. Daga daji muka dawo ta fara." Na ce, "Me aka sa mata?" Ya ɗan yi shiru, ya gyara hula. "Man shanu muka fara narkawa. Da bai yi ba, wani ya ce garin taba da kanwa. Shekaranjiya dai yaran suka ce ƙwaro ne, kananzir ke kashe shi." Sai da aka yi mata allurar barci kafin ta bari a leƙa. Bangon ramin ya saɓule ja kamar an zuba tafasasshen ruwa, taba ta dunƙule da mai ta zama taɓo, aka yi ta wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi har ya fara fitowa garau. Can a kwanar ga ƙarangiya guda, ta jiƙa ta yi baƙi, aka kamo ta da dogon hantsaki cikin ƙiftawar ido. Bayanta dodon kunne a huje. Da ranar farko aka kawo ta, aikin minti biyar ne ta koma daji washegari. Sai da ta yi mako shida tana shan magani, karkatar kan ta ragu amma ba ta tafi duka ba, kunnen dama kuma ko an tafa hannu a gefensa ba ta waiwayowa. Dattijon ya ce, "Garin neman gira mun rasa ido." Ban tanka ba, don ya riga ni.

Kaska kuwa kowa ya san ta. Wadda ke kan karnukanmu ja-ja ce mai duhu, tana son cikin fatar kunne, musamman wani ɗan aljihu da ke gefen kunnen ta ƙasa, da tsakanin yatsu. A kama ta da matsefata dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba, a jefa a kwalba mai ɗan kananzir. A kwalba kananzir ke da amfani, ban da jikin kare. Ɗiga mata mai ko ɗana mata wutar ashana tana maƙale yana sa ta amayar da abin cikinta a jinin dabbar, kuma ita ke ɗauke da cututtukan da ke sa kare zazzaɓi, dasashinsa ya yi fari, wani har haɓo. Macen in ta ƙoshi sai ta sauka ta shiga tsagar bango ta zuba ƙwai dubbai, saboda haka cire na jiki rabin aiki ne, sai an yi feshi a wurin kwanansa an liƙe tsagogin. Masu amfani da amitiraz, maganin kaska na shanu mai ƙarfin 12.5 cikin 100, ƙimar kare mililita 2 ce a lita ɗaya ta ruwa, a shafa da soso a jiki, a kauce wa ido da baki da ramin kunne, kuma ban da kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba. Fiya-fiya da maganin feshin wake kuwa guba ne kai tsaye, fata tana shan su. Karen da aka shafa wa sai yawu, rawar jiki, zawo, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura. A wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a ruga da shi wurin likita, akwai allurar da ke karya dafin in an zo da wuri.

Sai ƙudaje masu cizo, irin na garke, da ke tasowa da zafin bazara su yi ƙamari da damina. Kare mai tsayayyen kunne, irin karnukan Jamus da masu hali ke ajiyewa a gida, a tsinin kunne suke cinsa. Mai faɗaɗɗen kunne kuma a kan lanƙwasar. Wurin ya yi baƙin ɓawo, kare ya kaɗa kai ɓawon ya tsage, jini ya fantsama a bango ɗigo-ɗigo, jinin ya kira wasu ƙudajen. Maganinsa ba wuya, naci yake so: a jiƙa ɓawon da ruwan gishiri har ya yi laushi, a goge, a shafa basilin da kauri safe da yamma, a ɗauke karen daga kusa da turken dabbobi da jujin taki, a sama masa inuwa mai tsabta da rana, don da rana suke cizo. Baƙin man inji da ake shafawa yana korar ƙuda kwana ɗaya, amma yana ƙona gyambon, kare kuma ya sosa da ƙafa ya lashe. In aka bar miki har koren ƙuda ya yi ƙwai, kwana ɗaya ya isa tsutsa ta fito, kuma nan kam ana iya jin motsinsu in an kara kunne, wani ɗan cuku-cuku mai tayar da tsigar jiki. Wannan na gaggawa ne, a tsince su ɗaya-ɗaya a wanke. Akwai kuma wata tsutsar daban, wadda ƙudanta ke yin ƙwai a rairayi mai inuwa inda aka yi fitsari, ta shiga fatar ƴan kwikwiyo ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin na ɗan lokaci, za ta leƙo neman iska, a matse gefe ta fito ɗungurungum.

Yanke wa kare kunne da wasu mafarauta ke yi, in don kada abin daji ko wani kare ya kama ne, wannan hujjarsu ce. Amma masu cewa yana hana ciwon kunne, na duba guntayen kunnuwa da yawa cike da mugunya. Ciwon a rami yake, kuma an cire wa ramin murfinsa, ƙura da ƙarangiya sun sami hanya.

Fat-fat ɗin dare kaɗa kai ne kawai, kuma yana nufin wani abu cikin waɗanda na lissafa yana damun karen. Hatsarinsa shi ne wata rana sautin ya canja ya yi nauyi, a wayi gari fatar kunne ta kumbura kamar fanke, da ɗumi, da taushi. Jijiyar jini ce ta fashe tsakanin fata da guringuntsi saboda ƙarfin kaɗawa. Kada a sa reza. Mai tsagawa a gida yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne, jinin kuma ya sake taruwa kafin kwana biyu. Ko zuƙewa da sirinji sau da yawa sai ya dawo. Gyaran da ke riƙewa shi ne a yi wa kare allurar barci, a tsaga ta ciki, a kwashe gudajin, a yi ɗinki da yawa masu ratsa kunnen don fata ta manne da guringuntsi, a bar zaren mako biyu zuwa uku. In an ƙyale, jinin zai tsotse da kansa cikin makonni, amma kunnen ya yamutse ya ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa, wani har ya toshe bakin ramin. Ko wanne aka yi, in ba a magance abin da ya sa shi kaɗa kai ba, ɗaya kunnen na nan tafe.

Wankin kunne a gida yana da ƙa'ida. Da farko takunkumi, ko karenka ne tun yana kwikwiyo, zafi ba ya sanin mai gida. Tsumma mai tsawon hannu biyu ya isa: a zagaya baki a ɗaure a sama, a sake zagayowa a ɗaure a ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a ƙulle. Mutum ɗaya ya rungume kai da ƙirji, ɗaya ya yi aiki. Ruwan da ya fi aminci shi ne ruwan gishiri na asibiti, irin na ƙarin ruwa. In babu, a tafasa rabin lita, a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri a shafe, a bari ya huce ya dawo ɗumin jiki. Ruwan sanyi a kunne yana sa jiri. A ɗaga fatar kunne sama don kwanar ta ɗan miƙe, a zuba da sirinji marar allura, mililita 5 zuwa 10, a hankali har ramin ya cika, kada a cusa bakin sirinjin ya toshe ramin. A murza gindin kunne minti ɗaya, a ji caɓal ɗin da kyau, a saki kare ya kaɗa, sannan a goge da auduga iya inda yatsa ya kai. Tsinke mai auduga, gashin kaza, ashana, duk tura dauɗa suke yi su danƙare ta a kan dodon kunne kamar ana ɗura bindiga. Ga kunne mai tsami wanda ba shi da gyambo, binegar fari, wato ruwan khal, kashi ɗaya a ruwa kashi uku yana taimakawa, amma a kan jan kunne mai rauni azaba ce.

Akwai alamun da in an gan su a ajiye sirinji. In ana zuba ruwa kare ya fara haɗiya ko tari, ko ruwan ya fito ta hanci, dodon a huje yake, ruwan ya bi wata ƴar hanya da ta haɗa kunne da maƙogwaro. Haka in kai ya karkace ya zauna a haka, ko ƙwayar ido tana rawa gefe zuwa gefe, ko yana zagaye wuri ɗaya yana faɗuwa, ko leɓe ɗaya ya saki ido ɗaya ba ya ƙiftawa, ko yana kuka in zai buɗe baki ya ci ƙashi. Ciwo ya wuce ciki. A nan ne magungunan ɗigawa na kemis, masu jentamisin ko niyomisin, da ruwan wanke miki mai kulorheksidin, suke zama masifa: a kunne mai lafiyayyen dodo magani ne masu kyau, a hujajje kuwa suna iya kashe jijiyar ji har abada. Ba mai iya sanin halin dodon sai da na'urar leƙa kunne, wani lokaci ma sai an wanke an kwantar da kumburi. In an cire abin da ya huda shi aka kashe ƙwayoyin, yakan toshe da kansa cikin mako uku zuwa biyar, ciwon ciki kuma yana son maganin sha na mako huɗu zuwa shida.

Ko an sami maganin da ya dace, abu uku ke kayar da shi. Ɗigawa a kan mugunya, magani ya zauna a sama bai taɓa fata ba. Ɗigo biyu a bakin rami don tsimi, alhali babban kare yana son abin da zai gangara har kwana, a kuma murza. Sai tsayawa a kwana na uku don wari ya tafi, alhali ƙa'ida kwana 7 zuwa 14 ce, a dawo a sake leƙawa. Kunnen da aka yi ta wasa da shi haka shekara da shekaru bangonsa yakan yi kauri, ramin ya tsuke, guringuntsin ya taurare kamar ƙashi, ka taɓa gindin kunne ka ji shi kamar bututun ƙarfe. Daga nan sai babbar tiyata, wadda ba ko'ina ake yinta ba. Idan kuma kunnuwa biyu ne ke tashi tare, a warke a dawo, karen yana lasar tafin ƙafa yana susar ciki da hammata, to jikinsa ne ba ya shiri da wani abu, ƙuma ko ƙura ko wani abinci. Gwajin abinci mako takwas ne cur a kan nama iri ɗaya da hatsi iri ɗaya da bai saba ci ba, ba ragowar tuwo, ba ƙashin mahauta. Masu iya wannan haƙurin kaɗan ne, na sani. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa, ibufurofen da diklofenak, kada a ba kare don tausayi, suna huda masa ciki su lalata ƙoda.

Akwai ƙarar da ba ta kunne ba ce ko kaɗan. Ƙwas-ƙwas lokacin tauna ko hamma daga gaɓar muƙamuƙi take, tana dab da kunne ne shi ya sa ake ruɗewa. Ɗan karen da ya yi zazzaɓi da majina da kwantsa, daga baya naman gefen kansa ya riƙa zillo haƙora suna haɗuwa kamar mai taunar cingam, wannan wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa da rigakafi ke hanawa. Da faransanci ana kiranta cutar Carré, sunan likitan Faransa da ya gano asalinta a 1905, sunan ya zo daidai da kalmarmu "kare" kamar da gangan. An kuma taɓa samun karnukan da kunnensu ke fitar da wani siririn fito da mutum zai ji in ya matso, abu ne mai wuyar gani ƙwarai kuma galibi bai dami karen ba. Shi kuwa karen da ke miƙe kunne yana kallon wurin da ba kowa, a tuna mutum yana jin sauti ne zuwa kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kare yana kaiwa wajen 45,000, kukan ɓera a rumbu ma ya ishe shi.

Inda na fi son a yi hattara shi ne karkatar kai da tangaɗi, don a nan kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada. Tsohon kare yakan tashi da safe kai a karkace, ido na rawa, yana faɗuwa yana amai, mutane su taru da sanduna a ce ya haukace. Sau da yawa jiri ne na tsufa, hankalinsa garau, ya san mai shi yana kaɗa masa wutsiya, cikin kwana uku ya fara tsayuwa, mako biyu zuwa uku ya warware. Ɗaya ɓangaren, wato ciwon haukan kare na gaske, ya fi muni. Karen da ba a yi wa rigakafin hauka ba, halinsa ya canja, muryar haushinsa ta dushe, muƙamuƙinsa ya saki yawu na zuba, yana cizon ƙasa ko itace ko sarƙarsa, wannan ba a duba masa kunne, ba a sa hannu a bakinsa neman ƙashin da ya maƙale. A rufe shi inda ba zai kai ga kowa ba, a sanar da ma'aikatan kiwo. In ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allura, kada a jira. Karen kuma a tsare shi kwana goma ana ba shi ci da sha daga nesa: in ya cika su da rai da lafiya, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Rigakafin ana fara shi ne kare yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a kuma adana takardar, don ita muke fara tambaya kafin mu kai hannu kusa da kansa.